Moɗar Malam

Assalamu alaikum masu karatu. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ba zan auri Mahadi ba in tura mata lambarsa. Allah ya ba ki naki, 'yar'uwa. Wanda kuma yau ne ya fara leƙowa, bari in zaunar da shi.

Sunana Bara'atu. Kakana na wajen uba, Malam Badamasi, shi ne mai zawiyar 'Yandoto da ke kusa da Tsafe. Ya rasu bayan ƙaramar Sallah, kuma tun ba a gama karɓar gaisuwa ba muridansa suka rabu biyu a kan wanda zai gaje shi. Wasu suna bayan Baffa Ahmadu, ƙanen mahaifina, ɗan kasuwa a Gusau. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Abbana, shi ya tura ni karatu Indiya, shi ne kuma waliyyina. Wasu suna bayan Malam Yari na Bungudu, babban muridin Malam, wanda ya tsufa a zaune a damansa. Mahadi kuwa, wanda aka kawo gaisuwarsa gidanmu tun Malam yana da rai, ɗan Malam Yari ne na fari.

To ga abin da ban taɓa faɗa muku ba. Moɗar Malam tana wurina.

A tsakar zawiyar akwai wata randa a gindin darbejiya. Duk Juma'a in an shafa addu'ar zikiri, Malam da kansa yake tashi ya ɗauki moɗa, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa gaban kowa ya ba shi ruwa. Shi yake sha a ƙarshe. Ba wanda yake taɓa moɗar nan sai shugaban zawiya, shi ya sa in mutanen 'Yandoto za su ce shugaba, sai su ce mai moɗa. Kuma akwai ƙa'ida: ruwan farko na wanda ke jin haushinka ne. In ka ga Malam ya fara da kai, to asirinka ya tonu, kowa ya san kana fushi. An ce ya taɓa tsallake maza gaba ɗaya, ya zagaya bayan zanar mata ya durƙusa gaban kakarmu Iya, don ya dawo daga kasuwar Tsafe bai sayo mata goro ba.

Moɗar ba wata abar kallo ba ce. Ta silba ce, ta lotsa a gefe, an ɗaure mariƙinta da waya. Da aka kwantar da shi asibiti a Gusau ya ƙi shan ruwa da komai sai ita, ni kuma nake jinyarsa. Ranar da jikin ya yi tsanani ya miƙo min ya ce, "'Yar Indiya, ajiye min, kar ta ɓace a wurin nan." Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce in ba wane ba. Na naɗe ta a cikin wani tsohon ɗankwalina na tura ƙasan akwati, ƙarƙashin atamfofin da ban ɗinka ba. Wani lokaci in na yi kewarsa sai in fito da ita in shinshina. Har yanzu ƙamshin randa take yi.

Ranar Alhamis da hantsi Baffa ya aiko a kira ni falo. Na same shi a kan kafet ya miƙe ƙafar dama a kan matashi, don gwiwar nan ta daɗe tana ba shi wahala. Farar jallabiya ce a jikinsa, da tabarau a kan hanci, ga kwanon fura an rufe da faifai.

"Likitar gidanmu! Zo ki gani."

Na sha gaya masa ba likitanci na karanta ba, harkar gwaje-gwajen asibiti ce. Ya ce duk wanda ya sa farar riga likita ne.

Ya ɗago wata gorar ruwa. An manna mata koriyar takarda mai hoton Malam yana murmushi, an rubuta Ruwan Randa da manyan baƙaƙe. A ƙasa an zana moɗa, amma mai zanen ya gyara ta, ya cire lotsawar, ya sa mata ƙyalli.

"Ya kika gani?"

"Hoton ya yi kyau, Baffa."

"Hoto kawai? Wani kamfani ne zai riƙa cika mana. Kowane tanki za a zuba masa kofi ɗaya daga randa, albarkar ta game. Wanda yake Legas ya sha, wanda yake Yamai ya sha. Ita kuma moɗar na sa an haɗa mata akwatin gilashi, da fitila a ciki. Mai son ziyara ya shiga ya gani, ya ajiye abin da ya sauwaƙa."

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabina. Masu karatu, ni ban iya ƙarya ba, amma na iya shiru.

Sai ya cire tabarau, muryarsa ta sauka. "Kin san mutum nawa ke kwana a zauren zawiya yanzu? Waɗanda suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, mata da yara. Malam da gonarsa yake ciyar da su, gonar da yanzu ba mai iya zuwa. Yari mutumin kirki ne, wallahi ina son shi, amma in ka ce masa hatsi ya ƙare sai ya ce a ja salati. Salati na da kyau, Bara'atu. Amma yaro in ya farka da safe koko yake nema."

Ni ma na ga yaran da idona.

"Gobe za a zauna a 'Yandoto bayan zikiri. Gorunan suna cikin mota. Abu ɗaya ya rage." Ya dube ni ta gefen ido. "Ni ban ce tana hannun kowa ba. Amma maganar sa ranarki, ba zan zauna da mutanen Bungudu ina yanka rana alhali suna ce min ɗan kasuwa a bayan ido ba. In moɗa ta fito, komai ya zauna, ko sati mai zuwa suka ce na yarda. Ɗauki furar nan ki sha, kin rame."

Haka Baffa yake. Ya ɗaure ka, ya kuma ba ka fura.

Ina shiga ɗaki na ga saƙon Mahadi.

"Ranki ya daɗe, ina hanya. Na taho miki da rake, mai kaurin nan."

"Wa ya ce maka ina son rake?"

"Ɓawon da na gani a bayan tagarki."

Bayan la'asar ya iso. Na sa doguwar riga ruwan toka da mayafi mai ɗan duhu, na shafa humra kaɗan, na goge, na sake shafawa. Muka zauna a ƙaramin falon baƙi, ƙofa a buɗe. Yadi ne a jikinsa ruwan ƙasa, hularsa ta ɗan karkace kamar kullum. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Bungudu, har yau akwai alli a gefen hannun rigarsa. Ya ba ni labarin ɗalibin da ya ce masa ba zai koyi lissafi ba don shi direban tirela zai zama, na yi dariya har na rufe fuska.

Sai ya fara juya makullin babur a hannu.

"Bara'atu, zan tambaye ki wani abu. In kin ga dama kar ki amsa."

Duk watannin nan kowa ya zagaya ya tambaye ni inda moɗar take, har mai kawo mana nono. Mahadi kaɗai ne bai taɓa ba. Da wannan nake taƙama a raina.

"Baba bai aiko ni ba, wallahi. Ko sunanta ba ya ambata. Amma tun da ya ji maganar gorunan nan ba ya cin abinci. Jiya na same shi yana kuka a kan buzu, ya ce za a sa wa ruwan Malam farashi yana raye. Mutanensa kuma sun ce in moɗa ta tafi gilashi, ba su ba gidan Alhaji Ahmadu, ko da aure ko ba aure." Ya ɗago. "In tana wurinki..."

"Kai ma?"

Abin da ya fito daga bakina ke nan. Ya runtse ido kamar na watsa masa ruwa.

"Ni ma," ya ce a hankali. "Ki yafe min. Tsoro nake ji kar in rasa ki a kan kofi."

"Ba kofi ba ce."

"Na sani."

Ya tafi ya bar raken a jingine da kujera. Kafin ya kai titi saƙonsa ya shigo: "Duk inda kika kai ta, ni dai ina nan." Na karanta ya fi a ƙirga, ban ba da amsa ba.

Kun ga lissafin. In na ba Baffa, mutanen Bungudu sun janye. In na ba Malam Yari, Baffa ba zai sa rana ba, kuma na ci amanar mutumin da ya yi min uba. In na ci gaba da ɓoyewa, gobe a tashi baram-baram.

Wadda na tuna ita ce Madhavi, abokiyar ɗakina a jami'a can Indiya. Su 'yan wani ɓangare ne na addinin Hindu da ake kira Vaishnava, masu bin Krishna. Addininmu daban, ba mu taɓa haɗa su ba, amma shekarun da muka yi tare ba ta taɓa ƙetare min sallaya ba, ni ma ban taɓa shigo da nama ɗakin ba saboda ita. Tana da 'yar jaka da carbinta na katako a ciki, ni ina da nawa. Da asuba kowa da kusurwarta, kowa da abin da take ja. Na tura mata saƙon murya na zayyana mata komai. Ba a jima ba nata ya shigo, dogo, ana jin ƙarar tukwane a bayanta. Ga shi na mayar muku da Hausa.

"Bara, kamar labarin gidanmu kike ba ni. Na taɓa ce miki kakata ta daina zuwa wurin ibadarmu, ban gaya miki dalili ba. Gurunmu, wato babban malaminmu, da ya tsufa bai naɗa kowa ba. Da ya mutu ɗan ɗan'uwansa ya ce shi ne magaji ta jini, babban almajirinsa ya ce shi ne ta ilimi. Da can duk wanda ya zo ƙofa ana ba shi abinci kyauta, shinkafa da wake mai zafi, ba a tambayar ko shi wane ne, gurun da kansa yake riƙe ludayi. Yanzu akwai layin masu tikiti da layin marasa tikiti. Alewar da ake rabawa an sa ta a kwali da hotonsa. Takalmansa na katako suna cikin gilashi, sai ka biya ka gani. Ɗaya ɓangaren kuma da suke zagin wannan, sun buɗe nasu wurin, su ma da nasu kwalin. Suna kotu har yau. Ɗakin girkin da gurun yake tsayawa, kwaɗo biyu ne a ƙofarsa, kowane ɓangare da nasa, ba mai iya buɗewa shi kaɗai. Kuma abin haushin, Bara, dukansu suna son shi. Na ga kowannensu yana kuka a gaban hotonsa. Kakata dai ta ce ludayi ba na gani ba ne, na miƙawa ne. Tana dafa nata a gida ta zauna a bakin ƙofa tana rabawa. Ni ban san abin da zan ce ki yi ba. Amma ki gaishe min da mai raken."

Kwaɗo biyun nan ne suka tsaya min a rai. Tun rasuwar Malam ba wanda ya buɗe randa. An kife mata faifai, ganyen darbejiya ya taru a kai, kowane ɓangare yana zuwa da ruwansa a jarka. Mu ma mun sa namu kwaɗon, ba mu dai saya a kasuwa ba.

Ranar Juma'a da sassafe na bi motar matan gidanmu. Saboda halin da hanya take ciki, yanzu an dawo da zikiri bayan sallar Juma'a, don kowa ya koma gida da sauran rana. Moɗar tana cikin jakata, na rungume ta tun daga Gusau har muka sauka daga kan kwalta. Na tarar da Iya a ƙofar ɗakinta tana gurza goro a 'yar magogin gwangwani, don haƙoran sun tafi.

"Wa nika gani kamar 'yar Indiya? Mi kika kawo man?"

Na durƙusa na buɗe jakar, na ɗan janye ɗankwalin. Ta leƙa. Hannunta ya tsaya. Ta kai yatsa ta shafa wurin lotsawar.

"Ni na lotsa ta," ta ce. "Jifa na kai mishi da ita, muna da ƙuruciya. Ya kauce." Ta share ido da bakin zane. "To wa za ki ba? Ɗana ko surukinki?"

"Randa zan mayar wa, Iya."

Ta dube ni, ta dubi darbejiyar, sai na ga bakinta yana motsi. Ta gane kafin in ƙarasa.

"Ke ɗiyar ga! Kina shiru-shiru ashe mugunta na ciki. Duk wanda ya ɗauka, sai ya fara da..." Ta kama baki tana dariya har da tari. "Ni ban ga komi ba. Amma randar ga ta yi wata da watanni, sai an ɗauraye. Ɗauko guga."

Maza na tafiya masallaci muka wanke ta, ni da Iya da matan zaure biyu. Muka cika ta da ruwan rijiyar gidan, muka share ganyen. Na kife moɗar a kan faifai, daidai yadda Malam yake ajiye ta, mariƙin yana kallon gabas.

Daga bayan zana, ta wata 'yar ɓula da na sani tun ina ƙarama, na ga shigowarsu. Baffa cikin babbar riga fara ƙal mai aikin zare ruwan gwal, yana dogara sanda. Malam Yari siriri, da rawaninsa da ya sha wanki har ya koma ruwan madara. Mahadi a bayansa riƙe da buzu. Motar gorunan tana waje a gindin katanga, an lulluɓe da tamfol. Aka zauna, ɓangare na fuskantar ɓangare, aka yi zikirin ba wanda ya kalli wani.

Ana shafa addu'a wani dattijo ya juya don ya miƙe ƙafa. Sai ya ce, "La ilaha illallahu."

Kowa ya juya. Tsit. Har kukan kurciya ana ji.

Na ga fuskar Baffa ta yi haske, ya yunƙura zai tashi, sai ya tsaya rabi. Ya tuna. Na ga Malam Yari ma ya tuna, don ya sunkuyar da kai yana kallon carbinsa. Ga moɗa a fili, ba a ɓoye ba, ba a gilashi ba. Mai so ya ɗauka. Amma duk wanda ya ɗauka, gaban ɗaya zai fara durƙusawa, a kan idon jama'a.

Ba wanda ya motsa. Iya ta matse min hannu ta raɗa, "In suka bar ta nan har la'asar, ni zan fita in ɗauka."

Sai na ji ƙarar sanda a ƙasa. Baffa ne. Ya taka a hankali har gindin darbejiya, ya ajiye sandar, ya ɗaga faifai. Ya daɗe yana kallon moɗar a hannunsa, babban yatsansa a kan wayar da aka ɗaure mariƙin. Ya ɗebo ruwa. Ya nufi Malam Yari, ruwan yana ɗiga a kan aikin rigarsa. Masu karatu, shekara da shekaru Baffa a kan kujera yake sallah. Da ya kai gwiwar nan ƙasa, har bayan zana muka ji ƙararta.

Malam Yari ya karɓa da hannu biyu. Bai sha ba. In ya sha, ya yarda Baffa ne mai moɗa. In ya ƙi, ya ƙi ruwan Malam.

"Alhaji," ya ce, "nawa zan biya?"

Wasu suka ce subhanallahi. Baffa ya cije leɓe.

"Sha, Yari, kafin gwiwar nan ta kashe ni. Wannan ba na sayarwa ba ne."

"Wannan kaɗai, ko randar duka?"

Baffa ya juya ya kalli ƙofar zaure, inda matan da suka baro ƙauyukansu suka tsaya da goyo. Ya kalli wajen katanga inda motar take.

"Randar duka," ya ce. "Amma wallahi sai ka gaya min abin da mutanen can za su ci. Kuma kar ka ce min salati."

"Ina da gona a bakin gulbi, can Bungudu," in ji Malam Yari. "Ba ta isa ba. Amma a fara da ita."

Ya kafa kai ya sha. Iya ta saki guɗa, ta manta da a zawiya take.

Baffa ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Kafin kowa ya motsa Mahadi ya yar da buzu ya tallabe shi. Ya miƙe da ƙyar, amma bai saki hannun Mahadi ba. Ya riƙe wuyan hannun gam, yana masa magana ƙasa-ƙasa, na ga Mahadi yana ta gyaɗa kai, hularsa ta ƙara karkacewa. Sannan Baffa ya ɗago ido ya dubi zana. Ba zanar gaba ɗaya ba. Daidai 'yar ɓular da idona yake.

Na ja da baya har na taka ƙafar Iya.

Muna cikin mota a hanyar komawa, motar gorunan tana bin mu a baya da tamfol ɗinta ba a kwance ba, saƙo biyu suka shigo kusan tare. Na fara buɗe na Mahadi.

"Ya ce in same shi gida gobe da hantsi. Ni kaɗai, ban da Baba. Bai yi murmushi ba. Wace riga zan sa?"

Na biyun na Baffa ne. Baffa da bai taɓa rubuta min saƙo ba, kullum sai dai ya kira.

"Likita. Malam kaɗai ke kife ta tana kallon gabas, sai wadda ta yi jinyarsa. Gwiwata ta kumbura. Ki zo da man zafi, ki zo da bakinki, yau shiru ba zai fisshe ki ba."